Daga Sakkwato Zuwa Nuyok: Abin Da Muka Ji A Faifai Biyu Na Mdou Moctar

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Tawa zuwa Sakkwato ya san irin kayan da ke sauka ta Birnin Ƙonni su tsallaka Illela, kamar albasar Galmi da wake da dabino da kanwa da raƙuma da fatu. Ya kuma san waɗanda ke hawowa, irin su masara da atamfa da takalman roba da sauran tarkacen kanti. To amma akwai wata haja da ta ƙetara iyakar nan a shekarar 2008 wadda ba a ɗura ta a buhu ba, babu kuma ma'aikacin duwan ko na kwastan da ya rubuta ta a takarda. Waƙoƙi ne na wani saurayi Ba'abzine daga jihar Tawa, wanda ya je Sakkwato ya naɗe su a situdiyo, daga nan suka shiga wayoyin salula suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har suka kai arewacin Mali.

Wannan saurayi shi ne Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, kuma shi da abokan kiɗansa uku sun zagaya manyan dandalin kiɗa na Amurka da Turai, inda jaridun can ke lissafa shi cikin gwanayen kaɗa jita na wannan zamani. Ƙungiyar ta fitar da faifai biyu a jere waɗanda waƙoƙinsu kusan ɗaya ne amma amonsu ya sha bamban. Na farko ya fito a ranar 3 ga Mayu, 2024 da sunan Funeral for Justice, wato Jana'izar Adalci, na biyun kuwa ya fito a ranar 28 ga Fabrairu, 2025 da sunan Tears of Injustice, wato Hawayen Zalunci. Mun zauna mun saurari faifan biyu daga farko har ƙarshe, domin mu gaya wa mai karatu abin da kunnuwanmu suka ji, da kuma dalilin da ya sa muke ganin maganar ta shafi mutanen kasuwannin bakin iyaka.

Jitar wayar burki

An haifi Mdou a shekarun 1980 a yankin Azawak na jihar Tawa, wato ƙasar Abalak da Cintabaradan. Ya taso a gidan da ba a yarda da kiɗan jita ba, saboda haka babu wanda zai saya masa ita. Da sha'awar ta dame shi, musamman bayan da ya ga wasan marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda Abzinawan Nijar ke ɗauka a matsayin uban masu jitarsu, sai ya samo katako ya ɗaura masa wayoyin burkin keke ya riƙa koyo a ɓoye. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe, domin kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ma ai da gwangwanin kifi ake haɗa shi, tsirkiyarsa kuma ɗaya tak, amma ya kai mai shi ƙasashen duniya.

Kamar dubban samarin yankin, Mdou ya yi ci-rani a Libiya kafin ya dawo gida ya kama kiɗan biki. Shi bahago ne, da hannun hagu yake kaɗawa, kuma ba ya amfani da ɗan robar nan da masu jitar Turawa ke tsinkar tsirkiya da shi, da yatsunsa yake yi.

Kiɗan da ya gada yana da tarihi. A ƙarshen shekarun 1970 da cikin na 1980, bayan farin da ya kashe dabbobi ya kori makiyaya daga daji, samarin Abzinawa marasa aikin yi sun bazu a Aljeriya da Libiya. Ana kiran su ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci mai nufin wanda ba shi da aiki. Su ne suka ɗauki jita suka zuba mata waƙoƙin kewar gida da na tawaye, kaset-kaset ɗinsu kuma suka riƙa yawo a ɓoye. Daga cikinsu ne ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta fito, wadda ta ci kyautar Grammy a shekarar 2012. A Agadas kuwa kiɗan ya koma na biki, ya ƙara sauri da ƙara, ya fitar da irin su Bombino da ƙungiyar Etran de l'Aïr.

Yadda memori ya yi masa dillanci

Faifan da Mdou ya naɗa a Sakkwato a 2008 sunansa Anar. Duk wanda ya ji shi zai gane hannun masu situdiyon ƙasar Hausa a ciki, domin an yi amfani da gangar kwamfuta da kuma na'urar nan ta Auto-Tune mai lanƙwasa murya, wadda a lokacin ta cika waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙar da Tamashek ake rera ta, amma rigar da aka sa mata irin ta Kano da Sakkwato ce.

A lokacin babu kamfanin da ya buga faifan ya kai shi kasuwa. Abin da ya yi masa dillanci shi ne katin memori da Bluetooth. Wannan ya tura wa wancan a tasha, wancan ya tura wa wani a rumfar mai shayi, direba ya ɗauka ya kai wani gari. A haka ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya zauna a Kidal ta ƙasar Mali yana tattara waƙoƙi daga wayoyin jama'a, ya ci karo da wata waƙa mai suna Tahoultine. Ya sa ta cikin wani faifan gamayya da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones, wato kiɗa daga wayoyin mutanen Sahara. Sai da ya sha wahalar cigiya kafin ya gano mai waƙar, domin a cikin wayoyin sau da yawa ba a rubuta sunan mawaƙi daidai.

Daga nan hanya ta buɗe. An naɗi faifan Afelan a Cintabaradan ya fito a 2013. A 2015 aka fitar da fim ɗin da aka yi da harshen Tamashek a Agadas wanda Mdou ya fito a matsayin jarumi, an kuma gina labarin ne a kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. A 2019 aka fitar da Ilana, wanda aka naɗa a birnin Detroit da cikakkiyar ƙungiya, sannan a 2021 kamfanin Matador na birnin Nuyok ya fitar da Afrique Victime, faifan da ya sa sunansa ya cika jaridun Turawa.

Sunayen da Turawa suka laƙaba wa kiɗan

Masu sharhi a Amurka da Ingila suna kiran wannan kiɗa da sunaye biyu da ya kamata mu yi wa mai karatu bayaninsu. Na farko shi ne saikadelik. Wani salon kiɗan rok ne da ya ɓullo a Amurka da Ingila a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da samarin can suka shiga shan wata ƙwaya mai suna LSD da ke jirkita gani da ji, makaɗansu kuma suka riƙa neman amon da zai kwaikwayi wannan jirkicewa. Suna ja wa waƙa tsawo, suna maimaita gaɓa ɗaya har mai sauraro ya manta inda aka faro, suna sa jita ta yi gurnani da amsa-kuwwa. Jimi Hendrix, wanda ya rasu a 1970, shi ne gwanin da aka fi ambata a wannan fanni, kuma shi ma bahago ne. Ya kamata a lura cewa sunan kawai aka ara wa Mdou saboda kamannin amo. Maimaita gaɓa har jiki ya ɗauka abu ne da Abzinawa suka daɗe da shi a kiɗan tande na mata da kuma takamba, tun kafin jita ta shigo ƙasarsu.

Suna na biyu shi ne indi, wanda ya fi shafar ciniki. Ana nufin mawaƙan da ke hulɗa da ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, ba manyan kamfanoni ukun nan da suka mamaye kasuwar kiɗa ta duniya ba, wato Universal da Sony da Warner. Kamfanin Matador, wanda aka kafa a 1989, yana cikin sanannun irin waɗannan ƙananan kamfanoni. A harshen kasuwa, kamar mai rumfarsa ne a gefen babban kanti, jarinsa bai kai na kantin ba amma shi ke zaɓen kayan da zai kasa.

Amon Jana'izar Adalci

Mutum huɗu ne a ƙungiyar. Mdou ne ke jan waƙa da babbar jita, Ahmoudou Madassane yana riƙe da jita ta biyu mai tsare kari, Souleymane Ibrahim yana kan ganguna, sai Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar bes, wato mai kaurin murya, wanda kuma shi ne ya tsara naɗin faifan. Sun naɗe shi cikin kwana biyar a wani gida da ba shi da kayan ɗaki sosai a arewacin jihar Nuyok, bayan sun shafe kusan shekara biyu suna yawon wasa. Waƙoƙi tara ne, tsawonsu duka kusan minti 40.

Da farko mun kunna shi a ƙaramar waya, kuma gaskiyar magana ba mu ji komai ba sai hayaniya kamar ana niƙa a injin markaɗe. Sai da muka haɗa da babbar lasifika sannan kiɗan ya rarrabu, kowane makaɗi ya fito a wurinsa. Dalili kuwa shi ne lasifikar waya ba ta iya fitar da amo mai kauri, ga shi kuma jitar bes da babbar ganga su ne turakun da sauran ke ɗaure a kai.

Waƙar farko, wadda faifan ya ci sunanta, ba ta yin sallama. Jita da ganguna suna faɗowa ne gaba ɗaya, sannan kari ya miƙe irin na sukuwa, wanda duk wanda ya taɓa ganin tseren raƙuma a bikin gishiri na Ingal zai gane shi. Ƙarar da jitar ke yi da gangan ake yin ta. Jitar lantarki ba ta da ƙarfin murya ita kaɗai, sai an jona ta da amfilifaya, idan kuma aka tura wa amfilifayar ƙarfin da ya wuce wanda za ta iya ɗauka sai amon ya dushe ya koma gurnani. Akwai kuma wasu 'yan akwatuna da makaɗi ke takawa da ƙafa, wani ya ƙara gurnanin, wani ya sa amo ya riƙa dawowa kamar an yi kira a cikin rijiya. Ƙugin nan da lasifika ke yi a wurin taro idan makirfo ya matso kusa da ita, wanda kowa ke toshe kunne saboda shi, shi ma Mdou ya mayar da shi kayan aiki, kuma an fi jin haka a farkon waƙar Sousoume Tamacheq.

Waƙa ta biyu, Imouhar, ita ce ta fi kama mu. Tana farawa can ƙasa-ƙasa kamar wani tsohon kaset ne ake ji daga rumfar maƙwabta, har mutum ya kai hannu zai ƙara murya, sai kawai ƙungiyar duka ta afko da cikakken ƙarfi. Muna ba wanda ya sa abin ji a kunne shawara ya yi hattara a nan. Ta uku kuwa, Takoba, tafiyarta a hankali take, jitar tana lilo, muryoyi suna amsa wa juna. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, domin ɗan'uwan kalmarmu ce ta takobi. Waƙar Tchinta ta ɗauki sunan da ake taƙaita Cintabaradan da shi, Oh France kuma tana farawa da jita ita kaɗai kafin ganguna su shigo su yi ta ƙara sauri. Faifan yana rufewa da Modern Slaves, wato bayin zamani, wadda ta fi sauran sanyi da yawan amshi.

Akwai abu biyu da za su sa kunnen Bahaushe ya saba da kiɗan da wuri. Na ɗaya, gaɓoɓin amo biyar ake hawa ana sauka a kansu, kamar yadda yake a yawancin kiɗan goge da gurmi da garaya. Na biyu, akwai tsirkiya ɗaya da ake bari tana ta ruri a ƙasa ba ta canzawa, sauran suna kai da komo a kanta, ga kuma tsarin mai ja da 'yan amshi. Ƙarin saurin da ake yi a ƙarshen waƙa shi ma daga filin biki ya fito, inda makaɗi ke duban masu rawa yana ƙara musu wuta.

Inda za a samu saɓani shi ne matsayin murya. A waƙar Hausa magana ce sarauniya. Idan Shata ko Ɗanƙwairo na waƙa, kalangu da kotso biye suke, kuma abin da mutum zai tafi da shi gida shi ne abin da aka faɗa. A wannan faifai kuwa jita ce a gaba, murya tana bayanta, wani lokaci ma sai ta nutse. Wanda ya saba da waƙar Hausa zai iya gajiya kafin ya kai waƙa ta biyar, mu ma sai da muka huta a tsakiya a sauraron farko.

Ranar da aka rufe iyaka

Labarin faifai na biyu ya haɗu da wani abin da babu ɗan kasuwar bakin iyaka da zai manta. A ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. A ranar 30 ga watan ƙungiyar CEDEAO, wadda 'yan Najeriya ke kira ECOWAS, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke amfani da ita. Mun ga yadda manyan motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya da Maigatari da Kamba, albasa ta ruɓe a cikin buhu, farashin shinkafa ya tashi a Maraɗi da Damagaram, dangi kuma suka koma bin hanyoyin daji a kan babur kafin su kai gaisuwar mutuwa. Sai a watan Fabrairu na 2024 aka ɗage takunkumin, a watan Maris kuma ƙasashen biyu suka buɗe iyakar da ke tsakaninsu.

Lokacin da abin ya faru su Mdou suna Amurka suna yawon wasa. Hanyar komawa gida ta toshe wa 'yan Nijar ukun, har sai da masoyansu suka yi musu karo-karo ta intanet domin su samu abin zama. A cikin wannan zaman jira ne suka shiga wani situdiyo a unguwar Brooklyn ta birnin Nuyok, suka zauna a ɗaki ɗaya, suka sake kaɗa waƙoƙin Jana'izar Adalci cikin kwana biyu, amma a wannan karo da jitar katako wadda ba ta gurnani. Daga baya aka naɗo muryoyin wasu 'yan amshi Abzinawa aka haɗa.

Amon Hawayen Zalunci

Idan faifan farko filin biki ne da janareto ke ruri a gefe, na biyun hira ce ta bayan isha'i a kan tabarma, ana dafa shayi a kan gawayi. Waƙoƙi takwas ne. An ajiye manyan ganguna an koma ga kiɗan hannu da tafi, saurin ya ragu, muryar Mdou ta fito fili har ana jin numfashinsa da kuma gogar yatsa a kan tsirkiya. Imouhar, wadda a faifan farko take faɗowa kamar aradu, a nan ta miƙe ta wuce minti takwas tana tafiya a hankali kamar ayari. Oh France kuma, wadda a can faɗa ce, a nan ta koma kamar ta'aziyya.

A ganinmu wannan faifai na biyu shi ne zai fi shiga a kasuwanninmu. Ana iya kunna shi a rumfa ana ciniki ba tare da ya hana jin abokin magana ba, ƙaramar waya ma tana iya ɗaukar amonsa. Na farkon kuwa na direban babbar mota ne da ke tafiyar dare tsakanin Tawa da Agadas yana neman abin da zai kore masa barci. Amma wanda ya ji ɗaya bai ji ɗayan ba ya ji rabin zance, domin waƙa ɗaya ce aka rera sau biyu, sau ɗaya kafin juyin mulki cikin fushi, sau ɗaya bayansa cikin zullumin mutumin da bai san ranar da zai ga iyalinsa ba.

Abin da waƙoƙin ke cewa

Yawancin waƙoƙin da Tamashek ake rera su, kuma an rubuta su ne tun kafin juyin mulkin 2023. Waƙar farko kira ce ga shugabannin Afirka da su riƙe arzikin ƙasashensu da kansu. Oh France tuhuma ce ga Faransa a kan abin da ta yi a ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. Ba a rasa dalili ba, domin tun daga 1971 an shafe shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kai shi Faransa, ƙasar da mafi yawan wutarta daga tashoshin nukiliya take fitowa, alhali yawancin ƙauyukan Nijar ba su da lantarki, mai jitar lantarki ma sai ya yi hayar janareto kafin ya yi wasa a biki. Mdou ya bayyana a lokacin fitar faifan cewa shi ba ya goyon bayan juyin mulki, amma kuma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba. Sojojin Faransa sun kammala ficewa daga Nijar a watan Disamba na 2023, na Amurka kuma suka bar sansaninsu na Agadas a 2024.

Waƙar da ta fi shafar mu Hausawa ita ce Imouhar, wadda kuka ne a kan yadda 'ya'yan Abzinawa ke barin harshensu da rubutunsu na Tifinag. A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba Faransanci kaɗai ke cin Tamashek ba, domin a kasuwar Agadas da ta Tawa da ta Arlit da Hausa ake ciniki, yaro kuma harshen kasuwa da na wasa yake fara ɗauka. A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Abin farin ciki ne a gare mu, amma wanda harshensa ya samu kujera shi ya fi cancanta ya saurari maƙwabcin da ke tsoron nasa zai ɓace. Mu da muka daɗe muna kukan yaranmu na birni sun koma Turanci da Faransanci mun san zafin abin. Shekara aru-aru Abzinawa suna kawo mana gishirin Bilma da dabino suna komawa da gero da baƙin rini na Kura, amma kaɗan ne daga cikinmu suka iya ko da gaisuwa da harshensu.

Ina ribar take?

Tambayar da ɗan kasuwa zai yi ita ce wa ya ci riba. Memori ne ya fitar da Mdou, wannan babu musu, domin da ba don masu tura waƙa ba da Anar ya tsaya a Sakkwato. Amma a cikin duk wayoyin da waƙar ta shiga babu ko dala da ta koma aljihun mai ita. Kuɗi sun fara shigo masa daga waƙar ne lokacin da wani baƙo ya buga ta a faifan garmaho ya sayar a Amurka da Turai, ya kuma neme shi ya ba shi kasonsa. Labarin ya yi kama da na fatar akuyar Maraɗi da ta Sakkwato, wadda ke fita ɗanya da araha, a jeme ta a ɗinka a wata ƙasa, ta dawo da sunan wasu da tsadar da mai akuyar ba zai iya saye ba.

Ba muna cewa a kori samarin da ke zaune da kwamfuta a bakin tasha suna tura waƙa ba, domin sana'a ce da ke ciyar da gidaje, su ne kuma rediyon wanda ba shi da kuɗin data. Abin da muke cewa shi ne akwai mawaƙa da yawa a Tawa da Maraɗi da Damagaram da Katsina da Sakkwato waɗanda waƙoƙinsu suka cika wayoyi amma su ba su da na cefane, kuma ba kowa ne zai yi sa'ar wani ya taso daga Amurka yana cigiyarsa ba. Nijar tana da hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta BNDA, Najeriya ma tana da tata. Ƙungiyoyin masu tura waƙa da na mawaƙa za su iya zama su yanka wani ɗan kaso, kamar yadda dillalin kara ke karɓar la'ada mai dabba kuma ya tafi da kuɗinsa. Mafi ƙanƙantar abin da mai tura waƙa zai yi, wanda ba zai ci masa ko sisi ba, shi ne ya rubuta sunan mawaƙi da na waƙa daidai a kan fayil, domin rashin haka ne ya kusa sa a rasa gano mai Tahoultine.

Ga wanda ke son ya ji da kunnensa, waƙoƙin faifan biyu suna kan YouTube da Bandcamp da Spotify da sunan Mdou Moctar. Shawararmu ita ce a fara da Takoba ta cikin Hawayen Zalunci, a bi da Imouhar ta cikinsa, sannan a samu babbar lasifika a koma ga Imouhar ta cikin Jana'izar Adalci. Idan kuma akwai Ba'abzine a rumfar kusa, mai sayar da takobi ko zobban azurfa ko mai jan raƙuma a kara, a kira shi a zuba masa shayi ya fassara abin da ake faɗa.